Jagora Ga Mai Son Zuwa Koyar Da Turanci Ga Ƙananan Sufayen Addinin Buddha

Duk wanda ya shiga babban gidan ibadar addinin Buddha a Nepal ko Laos da hantsi, hayaniyar yara zai fara ji. Yara ne maza masu askakken kai, wasu 'yan shekara bakwai, wasu sun doshi ashirin, sanye da mayafi ja mai duhu ko ruwan lemo. Da yawansu daga ƙauyukan kan duwatsu aka kawo su, inda makaranta ke da nisa ko kuɗinta ya fi ƙarfin iyaye. Gidan ibadar ne ke ba su ci da sha da wurin kwana da karatu. Bahaushe ba zai sha wuyar gane tsarin ba: yaro ya bar gaban iyayensa yana hannun malami, yana haddar littafi da ɗaga murya, a wasu ƙasashen ma da sassafe ya ɗauki kwanonsa ya bi layi neman abincin sadaka.

A Laos da Thailand, yawancin yaran nan ba za su dawwama cikin mayafin ba. Idan sun kammala sakandare sukan ajiye shi, su nemi aiki a otal ko rakiyar 'yan yawon buɗe ido, wasu su wuce jami'a. A nan Turanci yake zama musu jari. Wanda ya zauna har ya zama babban malami, shi ma zai buƙace shi wajen fassara da karɓar baƙi. Shi ya sa gidajen ibadar suke maraba da masu aikin sa-kai.

Tun daga farko a gane cewa ba albashi a wannan aiki. Kai za ka sayi tikitinka, kuma sau da yawa kai za ka biya kuɗin abinci da masauki. Mai neman ci-rani ya nemi wata hanyar.

Mataki na farko: ka san yaran da za ka tarar

Addinin Buddha ba tafarki ɗaya ba ne, kuma bambancin zai shafi aikinka kullum. A Thailand da Laos da Kambodiya da Sri Lanka ana bin tafarkin Theravada. Yaron da bai kai shekara 20 ba ba ya zama cikakken sufi, ana kiransa samanera, kuma dokoki goma yake riƙewa, alhali cikakken sufi yana da 227. Daga cikin goman akwai waɗanda za ka ci karo da su a aji: ba ya cin abinci bayan rana ta take tsaka har wayewar gari, ba ya karɓar kuɗi, ba ya rawa ko waƙa ko zuwa kallon wasa, ba ya shafa turare. Ke nan idan ka shigo ajin yamma da alewa ko biskit don ba wanda ya ci gasa, ka sa yaro cikin tsaka mai wuya.

A Nepal da arewacin Indiya kuwa, gidajen da ke karɓar masu sa-kai galibi na tafarkin Tibet ne. Mayafinsu ja ne mai duhu haɗe da ruwan ɗorawa, sukan ci abincin dare, kuma a ranar hutu za ka ga yaran sun naɗe mayafi suna buga ƙwallo. Yaran sukan fito daga ƙabilun Sherpa da Tamang da Gurung, ko daga yankuna masu nisa irin su Mustang da Dolpo da Humla. Yaro ɗaya yana iya jin harshen gidansu, ga harshen Nepal, ga harshen Tibet na littattafan addini, sannan Turanci ya zo na huɗu.

Ranarsu tana farawa tun kafin asuba ko da ketowar alfijir, da karatun ibada na haɗin gwiwa. Sai shara da wanke-wanke, sai darussan addini. Turanci yana samun abin da ya rage ne, awa ɗaya ko biyu, wani lokacin bayan cin abincin rana lokacin da barci ke fizgar kowa. Duk wani biki ko jana'iza ko ziyarar babban malami na iya soke darasinka ba tare da an sanar da kai ba. Ka iso da allinka ka tarar da aji wayam, an ce duk suna babban ɗakin ibada har kwana uku. Kada ka ɗauka raini ne. A wurinsu ibadar ce asali, Turanci ƙari ne.

Mataki na biyu: zaɓen ƙasa

Nepal ce ta fi yawan irin wannan dama. A kwarin Kathmandu akwai gidajen ibada jingim a kewayen Boudhanath da Swayambhunath da tudun Kopan, da garin Pharping a kudu, da Namobuddha a gabas, sai kuma wajen Pokhara. A nan aka fi samun damar kwana a cikin harabar gidan ibadar, ka ci abin da suke ci, kuma yaran ƙanana ne sosai.

Luang Prabang ta Laos, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, tana da gidajen ibada sama da talatin a ɗan ƙaramin gari. Ɗaliban can matasa ne masu ƙishirwar Turanci, su da kansu za su tare ka a hanya su ce a yi hira. Akwai wata cibiyar buga littattafan yara mai suna Big Brother Mouse da ke buɗe ƙofa ga baƙi su zo su yi hirar Turanci da ɗalibai. A Chiang Mai ta arewacin Thailand ma akwai zaman hira da sufaye a Wat Suan Dok da Wat Chedi Luang. Irin waɗannan zaman suna da amfani ga wanda yake son ya ɗanɗana kafin ya ɗauki aji.

A Sri Lanka makarantun sufaye, da ake kira pirivena, suna ƙarƙashin tsarin ilimin gwamnati, don haka za ka tarar da manhaja da jarrabawa. A Dharamsala ta Indiya, inda Dalai Lama, jagoran addinin 'yan Tibet, yake zaune tun 1960, ɗaliban sun fi zama manya. Myanmar kuwa a bar ta: tun juyin mulkin Fabrairun 2021 ƙasar take cikin yaƙi.

A ganina, mai son koyar da yara ƙanana na tsawon watanni ya duba Nepal ko Sri Lanka. Mai ƙarfi wajen hira da nahawu ya duba Laos ko Thailand. Amma kafin ka ƙulla rai da wata ƙasa, karanta mataki na gaba, domin fasfo ɗinka na iya yanke maka hukunci.

Mataki na uku: biza, inda tafiyar da yawa ke mutuwa

Yawancin bayanan da za ka gani a intanet Turawa aka rubuta wa. Za su ce maka ka hau jirgi kawai, a filin jirgin Tribhuvan na Kathmandu za a buga maka biza, dala 30 ta kwana 15, dala 50 ta kwana 30, dala 125 ta kwana 90. Gaskiya ne, amma ba ga kowa ba. Nepal tana da jerin ƙasashen da ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, kuma Najeriya da Ghana da Kamaru duk suna ciki. Dole sai ka samo ta daga ofishin jakadancin Nepal kafin ka tashi, kuma ofisoshinta na Afirka suna Alƙahira da Pretoria ne. Laos ma ba ta ba ɗan Najeriya biza a bakin iyaka. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka fara shiri wata shida kafin ranar da kake son tafiya.

Abu na biyu shi ne nau'in bizar. A dokar Nepal, bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, ko da na kyauta ne, kuma ba a wuce kwana 150 da ita a shekara guda. Kamfanoni da yawa za su ce maka kowa haka yake yi, ka ce yawo ka zo. Bature ɗan shekara 19 yana iya yin haka ya tsira. Kai da koren fasfo, jami'in shige da fice zai yi maka tambayoyin da ba zai yi masa ba, kuma idan aka kama ka da ƙarya, tara ce da kora da tambarin da zai bi ka wasu ƙasashen. Ka nemi ƙungiyar da za ta ba ka takardar gayyata mai hatimi, ta faɗi abin da za ka yi ƙarara, ta kuma tsaya maka wajen samun izinin da ya dace.

Thailand ta fi fayyace hanya. Tana da ofishin jakadanci a Abuja. Mai aikin sa-kai yana neman biza nau'in Non-Immigrant O, da wasiƙa daga gidauniya mai rajista a ƙasar, sannan bayan ya isa a nema masa izinin aiki, domin a dokarsu aikin da ba a biya ma aiki ne. Ɗan Najeriya kuma sai ya haɗa da takardar wankewa daga hukumar NDLEA, wadda ita ma tana cin lokaci.

Sauran takardun da za ka tanada: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda (duk ƙungiyar kirki mai aiki da yara za ta nema), bayanin asusun banki, tikitin dawowa, inshorar lafiya, da katin rigakafin cutar shawara. Katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka je ka yi allurar da gaske a wurin jami'an lafiya na filin jirgi. Dokokin biza suna sauyawa, saboda haka maganar ƙarshe ta ofishin jakadanci ce, ba ta ejan ba.

Mataki na huɗu: ta hannun wa za ka bi

Hanya biyu ce. Ta farko, kamfanonin da ke haɗa masu sa-kai da wuraren aiki. Sukan karɓi kuɗin rajista, sannan kuɗin kowane mako, wanda kan kai ɗaruruwan daloli. Su ne za su ɗauko ka daga filin jirgi, su ba ka masauki, su kai ka wurin aiki. Ta biyu, ka rubuta wa gidan ibadar ko makarantarsa kai tsaye. Ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma abin da ka biya yana shiga tukunyar yaran ne, sai dai amsa na iya ɗaukar makonni, kuma galibi suna son wanda zai zauna wata uku ko fiye.

Ko wacce ka bi, ka yi waɗannan tambayoyi a rubuce. Mene ne sunan gidan ibadar kuma a wace unguwa yake? Nawa ne daga kuɗina ke isa gare shi? Yara nawa ne a aji, kuma shekarunsu nawa? Akwai malamin Turanci ɗan ƙasa da zan yi aiki tare da shi? Wane littafi ake bi? Wa ya koyar kafin ni, kuma zan iya magana da shi? A Nepal ka nemi lambar rajistarsu da Majalisar Jin Daɗin Jama'a da ke sa ido kan ƙungiyoyi masu zaman kansu. Wanda ya ce sai ka iso za a gaya maka inda za a tura ka, ko wanda bai tambaye ka komai game da iliminka da halinka ba sai lambar katin banki, ka bar shi. Wurin da ke miƙa yara ga duk wanda ya biya kuɗi, ba yaran ne a gabansa ba. Haka nan idan aka ce a haɗa maka da aiki a gidan marayu, ka ƙi. An sha gano gidajen marayu a Nepal da Kambodiya da ake cika su da yara masu iyaye don jawo kuɗin baƙi.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan muni. A 'yan shekarun nan an yaudari 'yan Afirka da dama da tallar aiki a Thailand, da suka sauka Bangkok aka tsallaka da su iyaka zuwa yankin Myawaddy na Myanmar, aka ƙwace musu fasfo, aka tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Irin wannan na faruwa a Kambodiya da Laos ma. Duk wanda ya same ka a WhatsApp ko Facebook ya ce zai biya maka jirgi, ya ba ka albashi mai tsoka don ka iya Turanci, ka guje shi. Gidan ibada ba ya da kuɗin saya maka tikiti.

Mataki na biyar: yaushe, kuma har tsawon wane lokaci

Kada ka je na mako biyu. Wannan ita ce shawarar da na fi nauyaya a duk rubutun nan. Akwai yaran da suka shekara uku suna ganin sabon malami duk bayan kwana goma sha huɗu, kowa ya zo ya fara daga A, B, C da launuka da sunayen dabbobi, ya ɗauki hoto ya tafi. Yaron ya haddace kalmar giwa da raƙumin dawa, amma ba zai iya gaya maka cikinsa na ciwo ba. Makon farko kana koyon sunaye ne, na biyu kana gano wa ya iya me. Aiki na gaske daga wata na biyu yake farawa. Idan ba za ka iya wata biyu zuwa uku ba, zaman hira da manyan ɗalibai ya fi dacewa da kai.

Ka kuma duba kalandarsu. A ƙasashen Theravada, daga wajen Yuli zuwa Oktoba sufaye suna zaman damina na wata uku a wuri ɗaya, don haka ɗalibai ba sa watsewa. Tsakiyar Afrilu bikin sabuwar shekara ne a Thailand da Laos da Sri Lanka, karatu yana tsayawa, ga zafi, ga hayaƙin ƙona gonaki da ke lulluɓe Chiang Mai da Luang Prabang daga Fabrairu zuwa Afrilu. A Nepal, bikin Losar na sabuwar shekarar Tibet yana faɗowa a Fabrairu ko Maris, kuma ana dogon hutu. Asabar ce ranar hutun mako a can. Disamba da Janairu akwai sanyi mai shiga ƙashi, ɗakunan kuma ba abin ɗumama su.

Mataki na shida: addininka da ladabin gidan

Musulmi ko Kirista zai tambayi kansa ko zai iya zama a irin wannan wuri. Ka zauna da malaminka ku tattauna tun kafin ka kashe ko kwabo. Abin da zan iya gaya maka shi ne ba wanda zai nemi ka sauya addini, kuma ba dole ba ne ka shiga ibadarsu ko ka rusuna wa mutum-mutumi. Ka gaya wa shugaban gidan tun ranar farko, cikin girmamawa, cewa kana salla sau biyar, ba ka cin kaza da kaza, kuma gaisuwarka hannu a ƙirji ce. Suna mutunta mai riƙo da dokokin addininsa, tunda su ma rayuwarsu ke nan. A Kathmandu akwai masallacin Juma'a da masallacin Kashmiri a tsakiyar gari kusa da hasumiyar agogo, a Chiang Mai akwai masallacin Ban Ho na Musulmi 'yan asalin Yunnan ta China.

Kai ma kada ka mayar da aji wurin wa'azi. Amana aka ba ka ta koyar da harshe. Bayan haka, dokar Nepal da ta fara aiki a 2018 ta haramta jan mutum zuwa wani addini, hukuncinta na iya kai shekara biyar a kurkuku, baƙo kuma a kore shi. Idan babban ɗalibi ya tambaye ka yadda ake azumi, ka ba shi amsa, darasin Turanci ne mai kyau. Ka tsaya nan.

Abinci a Nepal da sauƙi: shinkafa da miyar wake da ganye, wato dal bhat, safe da yamma, kuma gidajen ibada da yawa ba sa dafa nama. Laos da Thailand ne sai ka yi hattara, domin naman alade yana shiga romo da miya ko da ba ka gan shi ba. Ka sa a rubuta maka a takarda da harshensu abin da ba ka ci.

Ladabin gidan kuwa ga shi. Takalmi a waje. Sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa. Kada ka miƙe ƙafa tana kallon sufi ko mutum-mutumin Buddha, kada ka ɗora littafin addininsu a ƙasa ko ka tsallake shi. Kada ka shafa kan yaro, ko da wasa. A wuraren Tibet ana kewaya hasumiyar ibada ne tana hannun damanka. Babban malami a Thailand ana ce masa Ajahn, a wurin 'yan Tibet malamin makaranta Gen-la ne, babban shugaba kuma Rinpoche. Ke kuma 'yar'uwa, a Thailand da Laos mace ba ta taɓa sufi ko samanera, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Ki ajiye littafin a kan tebur ya ɗauka, ki kuma bar tazara idan kina duba rubutunsa.

Mataki na bakwai: cikin aji

Iya Turanci daban, iya koyar da shi daban. Idan ba ka taɓa riƙe aji ba, yi kwas ɗin koyar da Turanci da ake kira TEFL na awa 120, ana yinsa ta intanet, ko makamancinsa CELTA na jami'ar Cambridge idan aljihu zai ɗauka. Sannan ka je wata firamare a unguwarku ka roƙi a ba ka aji na wata guda. Wanda ya yi NCE ko ya koyar lokacin bautar ƙasa ya riga ya yi gaba.

Ka gyara bakinka ma. Mu Hausawa mukan haɗa p da f, mu ce fan a wurin pan. Masu jin harshen Tibet su ma suna fama da f, don babu ita a harshensu. Idan malami da ɗalibi suka haɗu a kan kuskure ɗaya, ba mai gyara wani. Ka naɗi muryarka a waya kana karanta pull da full, pin da fin, ka saurara har sai sun rabu. Yaran Laos da Thailand kuma sukan haɗiye baƙin ƙarshen kalma, rice ta koma rai, like ma ta koma lai, kuma harsunansu ba sa sauya siffar aikatau don nuna lokaci, shi ya sa za ka sha jin yesterday I go. Yaran Nepal sukan sa wasali a gaban kalma, school ta zama iskul, kuma su da 'yan Tibet aikatau a ƙarshen jimla suke sa shi.

Ranar farko kada ka koyar da komai sabo. Ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta. Za ka tarar da ɗan shekara takwas da ya fi ɗan sha biyar, domin ajin ba bisa shekaru aka tsara shi ba. Sunaye ma aiki ne: a gidan 'yan Tibet za ka iya samun Tenzin biyar da Karma uku a aji ɗaya, sai ka riƙa haɗawa da suna na biyu.

Babban abin da zai ruɗe ka shi ne ƙarfin haddarsu. Ka rubuta jimla goma a allo, su rera su tare da murya ɗaya, gobe su kawo maka su ba kuskure. Sai ka ɗauka an gane. Ka nuna yaro ɗaya ka ce masa how old are you, ya miƙe ya ce I am fine thank you and you. Maganin wannan shi ne ka riƙa sauya jerin tambayoyi, ka raba su biyu-biyu su tambayi juna, kuma kada ka karɓi amsar taro a matsayin shaida.

Ga yadda darasin minti 45 zai iya kasancewa. Minti biyar na farko umarni da motsi: stand up, sit down, open the window, touch your nose. Kana faɗa kana yi, su bi, daga baya ka daina yi ka bar su da kunne. Sai ka fito da abubuwa shida daga rayuwarsu, na gaske ba hoto ba: kwano, tsintsiya, ƙararrawa, kyandir, mayafi, shinkafa. Ka ɗaga kowanne ka faɗi sunansa, ka ɓoye ɗaya a bayanka su gano wanne ne babu. Daga nan ka gina jimla: I sweep the floor, I wash my bowl, I ring the bell. Kowane yaro ya faɗi abu uku da ya yi da safen nan, abokinsa ya maimaita yana sa he a wurin I. Minti goma na ƙarshe su rubuta, kai kuma kana zagayawa. Littattafan da aka buga a Landan cike suke da zuwa sinima da budurwa da sayen tufafi, abubuwan da ba su shafi yaron ba, wasu ma dokarsa ta hana. Ranarsa ta yau da kullum ta ishe ka manhajar wata guda.

Kafin ka kawo waƙa ko wasan tsalle-tsalle, tambayi shugaban makarantar. Wasu gidajen sun yarda ga ƙananan yara, wasu ba su yarda ba. Manyan ɗaliban gidajen Tibet kuwa sun saba da muhawara a tsakar gida, ɗaya a tsaye yana tafa hannu yana jefa tambaya, ɗaya a zaune yana kare kansa. Ka ba su batu mai sauƙi su yi da Turanci, ko birni ya fi ƙauye, ka ga yadda aji zai kama wuta.

Kada ka kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa, kada ka ɗaga murya, duka kuwa ko kusa. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki a rufe, kada ka sa hotonsa a intanet ba da izinin shugabansa ba, kada ka ba shi kuɗi ko waya. Idan kana son yin alheri, sayi littattafan rubutu da fensir ga ajin gaba ɗaya ta hannun hukumar gidan. Wataƙila kai ne baƙar fata na farko da wasunsu suka taɓa gani kusa, za su so taɓa hannunka, su tambaye ka ko ka san 'yan ƙwallon Afirka. Taswira ɗaya ta duniya za ta ba ka darasin mako guda a kan wannan.

Mataki na takwas: jiki, kaya da aljihu

Ga likita wata biyu kafin tafiya, ku yi maganar rigakafin taifot da ciwon hanta da cizon mahaukacin kare, domin karnuka da birai sun yi yawa a harabar wuraren ibada, musamman Swayambhunath. Da damina akwai zazzaɓin dengue, kuma sauron da ke kawo shi da rana yake cizo. Kada ka sha ruwan famfo. Daga Kano ko Abuja ko Legas ana zuwa Kathmandu ta Doha, Bangkok kuma ta Doha ko Addis Ababa. Ka guji tikitin da zai sa ka sauya jirgi a ƙasar da ke neman bizar wucewa. Ka riƙe dala a hannu ban da kati, da kwafin duk takardunka a waya da a takarda. Nepal tana gaban Najeriya da awa huɗu da minti 45, Thailand da Laos da awa shida, sai ka tsara lokacin kiran gida. Kayan koyarwa kuwa, alƙaluman allo da katunan hotuna da 'yan littattafan labari masu manyan haruffa sun isa, sauran ka saya a can.

Mataki na tara: miƙa aiki

Tun makon farko ka sayi babban littafi mai kauri ka mayar da shi rajistar aji. Kowace rana ka rubuta abin da aka koyar, abin da ya shiga, da abin da ya ƙi shiga. Kowane yaro ya samu shafinsa: yana karatu ko haddar siffar kalma kawai yake yi, wane sauti ke ba shi wuya, da wa ya fi yin aiki. Idan akwai malamin Turanci ɗan ƙasa, ku riƙa tsara darasi tare, ka bar masa katunan da ka yi da duk abin da ka rubuta, tunda shi zai ci gaba da ajin.

Ka sanar da yaran ranar tafiyarka mako biyu kafin ta zo, kuma kada ka yi alƙawarin dawowa ko turo kuɗi idan ba ka da tabbas. Kafin ka tashi ka roƙi hukumar gidan takardar shaida mai hatimi, ɗauke da ranar da ka fara da ranar da ka gama, da yawan awannin da kake koyarwa a mako. Rajistar kuma ka danƙa ta hannun shugaban makarantar da kanka, ka ɗauki hoton shafukanta ka tura wa ƙungiyar da ta kawo ka, domin malamin da zai biyo baya ya karanta tun kafin ya hau jirgi.